Saura Ruwa Ɗaya

Maganar ƙarshe da Malam Datti ya yi wa babban ɗansa a duniya, a kan alkama ce. Isiyaku yana durƙushe a bakin gado, ya kai kunnensa kusa da bakin tsohon, yana jiran irin abin da iyaye ke faɗa a wannan lokaci, ko sa albarka, ko ga amanar uwarka da ƙanwarka. Sai Malam Datti ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi azarar ɗaki, ba ɗan nasa ya duba ba, ya ce, "Saura ruwa ɗaya. Ɗaya tak. Kada a ƙara mata." Daga nan bai sake cewa komai ba sai kalmar shahada, har rai ya yi halinsa. Ranar wata Lahadi ce, a ƙarshen sanyin 1988. Aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa kafin magariba.

Isiyaku bai yi kuka ba. Abin da yake ji ya fi kama da haushi. Ya dawo daga maƙabarta ya zauna a tabarmar ƙofar gida, inda babban ɗa yake zama ya karɓi gaisuwa, yana ta juya maganar a ransa. Tun yana yaro yake bin mutumin nan gona, bai taɓa tsallake umarninsa ba, amma ko a bakin mutuwa alkama ce ta samu wasiyya. Wanda bai san Datti ba zai ce ɗan yana da gaskiya. Wanda ya san shi ma sai ya yi dogon bayani kafin ya wanke shi.

An haifi Datti a Unguwar Ɗinya, wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, tun noma na damina ne kaɗai. Da an ɗauke amfani an cika rumbu, sai maza su watse cin rani. Datti ya yi ga-ruwa a birnin Kano, ya yi dako a kasuwa, kuma bai taɓa son ko ɗaya ba. Mutum ne mai son gida, irin wanda in ya kwana biyu bai ji hayaniyar 'ya'yansa ba sai abinci ya ƙi shiga. Indo, matarsa, takan ce duk ranar da zai tafi cin rani sai ya dawo daga hanya, wai ya manta hula, ya sake dawowa, wai ya manta carbi, alhali ga su nan a jikinsa.

Da aka tare ruwa a Tiga, aka turo katafiloli suka baje gonaki, suka tuge ɗorawa da tsamiya, aka ja kanal, wato babbar hanyar ruwa, aka sake raba ƙasar, mutane da yawa sun yi baƙin ciki, kuma suna da dalili. Datti ma ya rasa ɗorawar da uwarsa ta yi ta cin kalwarta har ta bar duniya. Amma ranar da aka fara sako ruwa, tsakiyar rani, ƙasa ta bushe ƙamas, ya je ya tsaya a bakin kanal, ya ga ruwa yana tafe yana tura karmami a gabansa. Sai ya tuɓe takalmi ya bi shi a ƙafa har bakin gonarsa, kamar mai rakiyar baƙo. Da ya koma gida ya ce wa Indo, "Na gama cin rani." Bai sake kwana a wani gari ba sai 'yan kwanakin da ya yi a asibiti, lokacin da sanyi ya kama masa ƙirji.

Ban ruwa a wannan ƙasa da tiyo ake yi, baƙaƙen tiyo na roba, lanƙwasassu. Mutum zai nutsa shi duka a ƙaramar kwatar da ta bi ta kan gona, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizgo ya tsallakar da shi kan gaɓa, ya saki. In ya iya, ruwa ya kama gudu da kansa yana zuba cikin gona. In iska ta shiga, sai ya yi ta fama har hannu ya mutu. Datti yakan jera nasa duka suna zuba kafin maƙwabcinsa ya tayar da na farko. Har tafin hannunsa na dama ya yi kanta, zagayayyiya kamar bakin kwalba, wadda 'ya'yansa kan bi da yatsa suna wasa in yana kishingiɗe. Kuma ruwan ba kullum yake naka ba. Kowace gona da ranarta. In ranarka ta wuce ba ka je ba, sai ka jira ta zagayo, ko da shukar tana mutuwa a gabanka.

A gida kuwa, Datti ba mai yawan magana ba ne, amma bai taɓa dawowa daga kasuwar Kura hannu sake ba. Ko rake ne, ko ƙuli-ƙuli, ko 'yan kunne na roba ga 'yarsa Zuliha, sai ya zaro daga aljihu ya ajiye a kan turmi kamar ba shi ya kawo ba. Da noman tumatir ya fara kawo wa mutane abin hannu, abokansa suka yi ta ƙara aure, suna yi masa tsiya cewa shi har yanzu da tsohuwar gona yake fama. Sai ya ce, "Wadda nake da ita ma ban gama ba ta ruwa ba." Indo ta ji labari ta ce ita ba albasa ba ce, amma ranar sai da ta yi masa miyar zogale da yake so.

Autansu Baballe shi ne ɗan lelen. A kan keke yake ɗora shi, a kafaɗa yake kai shi masallacin Idi. Isiyaku kuwa ɗan fari ne, kuma Datti mutumin da ne, mai tsananin kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai," ko "wancan," ko ya ce wa Zuliha, "Faɗa wa yayanki." In suna cin tuwo a akushi ɗaya, sai ya ture tsokar nama zuwa gefen Isiyaku da bayan yatsa, idonsa yana wani wajen. Yaro ba ya ganin irin wannan. Abin da ya gani kawai shi ne uba yana dariya da kowa ban da shi.

Halin da aka fi sanin Datti da shi a ƙauyen, wanda ya jawo masa suna da surutu, shi ne ba ya zama a gidan makoki. Zai zo, ya yi gaisuwa, a yi addu'a, ya shafa, kafin a kawo ruwan sha ya miƙe. Har aka laƙaba masa Datti Ba-ka-zama, ana cewa tabarmar makoki ƙaya gare ta a wurinsa.

Abin kuwa yana da asali. A da, mutuwa ba ta hana gona shan ruwa, tunda daga sama yake zuwa. Ku yi ta zamanku na kwana bakwai, gero yana can yana girma. Ruwan kanal bai san wannan ba. A farkon shekarun noman rani, mijin wata mata, Ummulkhairi, ya rasu ana tsakiyar albasa. Gari duka ya zauna mata makoki yadda ya kamata, ranar ruwansu ta zo ta wuce, ba wanda ya tuna. Kafin a share makoki albasar ta ƙone. Matar ta rasa miji, ta rasa abincin shekara, duk a mako guda, kuma duk muna nan zaune muna ba ta haƙuri. Datti ya je ya ga gonar, ya dawo. Tun daga ranar, duk gidan da aka yi rasuwa da rani, sai ya gaisa ya tashi, ya ɗauki tiyonsa a kafaɗa, ya nufi gonar mamacin. Ba ya tambaya, ba ya dawowa ya ce na yi. Liman ya taɓa tare shi ya ce, "Malam Datti, zaman nan ma lada ne." Ya ce, "Na yi addu'a, Allah gafarta malam. Albasa ce ba ta san an yi mutuwa ba."

Isiyaku ya girma yana jin kunyar wannan hali a gaban sa'o'insa, amma yana haƙuri. Haƙurin ya ƙare ne shekarar da ƙyanda ta shigo ƙauyen ta yi ta ɗibar yara. Baballe yana cikinsu. Rana ɗaya aka binne shi da Kubra, 'yar Muhammadu Sani, maƙwabcinsu na gona. Shi kuwa Muhammadu Sani ko ga maciji ba sa yi da Datti a lokacin, don Muhammadu Sani yakan toshe kwata da buhun ƙasa ya tare ruwa a ranar da ba tasa ba, har sun kai ƙara wurin mai unguwa.

Washegari da hantsi, ƙofar gida cike da mutane sun zo yi wa Datti gaisuwar ɗansa, sai ya miƙe ya shiga zaure, ya sauko da tiyo daga ƙusar da yake rataye su. Ranar ruwan Muhammadu Sani ce, tumatirinsa yana fure. Isiyaku ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce, "Baba, ɗanka ne fa." Datti ya tsaya kaɗan, ya gyara tiyon a kafaɗa, ya raɓa ta gefensa ya wuce. Mutane suka sunkuyar da kai. A nan Isiyaku ya juya ga abokansa, ya faɗi maganar da kowa ya ji: "Wallahi ranar da aka yi tasa rasuwar, ba zan ɗaga daga tabarmar nan ba sai an yi bakwai. Gonar ta ƙone ƙurmus." Maganar ta kai kunnen Datti, ba yadda za a yi ta ƙi kaiwa. Bai taɓa tayar da ita ba har ya mutu, kuma nama bai daina zuwa gefen Isiyaku a akushi ba.

To, ga ranar ta zo. A wancan lokaci gwamnati ta hana shigo da alkamar waje, aka yi ta kiran manoma su shuka, Datti ya zuba gonarsa duka. Alkamar ta yi kyau har mutane kan tsaya su duba. Ta fitar da kai, ƙwayar ta fara cika, ruwa ɗaya ya rage mata kafin a bar ta ta bushe. Da ita gidan zai ci har damina, da ita za a yi wa Zuliha kayan ɗaki, don an sa bikinta bayan girbi. In ta rasa wannan ruwan, ƙwayar za ta motse, a sussuke ƙaiƙayi. Ranar ruwansu kuwa Talata ce.

Talata da safe Zuliha ta zo bayan ƙyauren zaure, ta kira shi a hankali.

"Yaya, yau ce fa."

"Na sani."

"Ko za ka aika wani? Ko kai ka leƙa ka dawo, ba wanda zai ga laifinka."

"Na rantse a gaban mutane," in ji shi. "Kuma ba zan aiki kowa ba. Shi wa yake aikensa? Shekara nawa ya yi yana jiƙa gonakin garin nan, yana tsaye cikin ruwan sanyi har ya kashe shi? Bari mu gani ko akwai mai tunawa."

Ya ji tana jan hanci, sannan ta koma ciki. Ya san kayan ɗakinta yake wasa da su, kuma abin ya dame shi ƙwarai, amma taurin kan da ya gada bai bar shi ya motsa ba.

Abin da ya gani a kwanakin nan ya ƙara masa ɗacin rai. Baƙi daga Garun Mallam da Dawakin Kudu suna zuwa su wuni. Amma mutanen ƙauyen, waɗanda uban ya yi wa wahala, ba mai zama. Muhammadu Sani ya zo ranar Talatar, ya shafa addu'a, ya tashi. Hananiya, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna da ke noma gonar haya a layin gonakinsu, ya zo ya cire hula ya durƙusa, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba Datti ubanmu ne duka," bai ko taɓa ruwan da aka kawo ba ya miƙe. Haka wannan, haka wancan. Isiyaku ya ce a ransa, ramawa suke yi. Uban bai zauna musu ba, su ma ba za su zauna masa ba. Duk sanda ya shiga zaure sai ya ɗaga kai ya dubi ƙusa. Tiyon uban suna nan rataye, ba wanda ya zo ko aronsu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, iska mai ƙarfi ta taso, ta yi ta kaɗa dangar kara har yamma. Washegari mutanen layinsu suka zo gaisuwa a tare, ba mai haɗa ido da shi. Muhammadu Sani ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya ce, "Isiyaku, dama…" sai ya haɗiye, ya ce Allah ya jiƙan Malam. Isiyaku ya ɗauka ya gane. Sun ga gonar ta ƙone ke nan, kunya ta hana su faɗa.

Aka yi sadakar bakwai, aka raba gumba da waina, aka naɗe tabarmi. Ya cika rantsuwarsa, kuma bai ji daɗin komai ba. Ya shiga zaure ya sauko da tiyon, ya ɗora a kafaɗa, ko da wani abu ya rage da za a ceta. A hanya yana ta shirya idonsa ga abin da zai gani: ƙasa ta tsattsage, ganye ya yi fari, kawuna sun tsaya tsaye ba nauyi.

Tun daga nesa ya ga balbelu sun cika wurin, abin ya ɗaure masa kai, don balbela ba ta bin busasshiyar gona. Da ya hau gaɓar kwata sai ya tsaya. Alkamar tana kwance. Daga wannan kai zuwa wancan ta kwanta shame-shame, duk ta fuskanci gefe ɗaya, kawunanta cikin laka, ruwa yana ƙyalli a tsakaninta. Ƙasar ta sha har ta ƙi sha, saiwa ta saki, iskar Juma'a ta zo ta gama aikin. A kan gaɓar kuwa sawu ne birjik, na takalmin roba, na ƙafa tsirara, manya da ƙanana, da shatar bakin tiyo a jere a jere, wasu kan wasu.

Can ƙarshen gonar mutum biyu suna cikin laka har ƙwauri, suna sare kunya da fartanya don ruwan ya fita. Muhammadu Sani ne da Hananiya. Da suka gan shi suka daina, suka tako a hankali.

"Mene ne wannan?" in ji Isiyaku. "Wa ya yi wannan?"

Muhammadu Sani ya goge hannu a riga. "Ni na fara. Ranar Talata, daga wurinka nan na yo. Na ba ta ruwanta daidai, wallahi daidai, yadda shi zai ba ta."

"Ni kuma Laraba," in ji Hananiya, kansa a ƙasa. "Ranar ruwana ce. Na zo na ga wani ya riga ni. Na tsaya, na ce to in koma haka? Lokacin da matata Saloma ta rasu, na kai gawa gida, na dawo na tarar da tumatir nawa kore shar. Ban tambaya ba, na san ko waye. Sai na ce bari in sa kaɗan. Kaɗan kawai."

"Bayan tafiyarsa 'ya'yan gidan Liman suka zo," in ji Muhammadu Sani. "Alhamis mutanen layin gabas suka karkato da nasu ruwan. Wasu ma ban san sun zo ba sai da na ga sawu. Har Ummulkhairi, da tsufanta, ita da ba ta iya tayar da tiyo ba. Da ƙwarya ta zo, ta tsuguna a nan tana ɗiba tana watsawa."

Isiyaku ya jefar da tiyon a ƙasa. "Ku fa manoma ne! Ba ku ga ta sha ba? Ya ce ɗaya tak! Da bakinsa ya ce kada a ƙara mata!"

"Mun gani," in ji Muhammadu Sani. "Kowa ya gani. Ba wanda bai san alkama mai nauyin kai ba ta son ruwa ya yi yawa ba. Amma ɗana, ranar da muka kai shi makwancinsa, ka ga wanda ya ce ƙasa ta isa, shi ba zai zuba tasa ba? Kowa ya zo nan shi kaɗai, ya ce nasa ɗan kaɗan ne. Kuma ba mai faɗa wa wani, don shi bai taɓa faɗa ba. Mun yi maka ɓarna. Mun kasa ma buɗe baki mu gaya maka."

Isiyaku yana duban sawun nan, yana gane wasu. Ashe gajeren zaman da ya ɗauka ramuwa ce, nan suke tahowa.

Hananiya ya sunkuya ya tattara tiyon da aka jefar, ya karkaɗe su. Ya ce, "Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da ya bar gaisuwar ƙaninka ya zo gonar wannan," ya nuna Muhammadu Sani, "ina nan a tawa. Baba Datti da ke tayar da tiyo kamar wasa, ranar ya kasa. Ya nutsa ya fizgo, iska ta shiga. Ya sake, iska ta shiga. Sai ya zauna cikin kwatar, da rigarsa da komai, yana kiran sunan yaron. Na zo zan taimaka, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, 'Bar ni, Hananiya. A can ba zan iya ba, babban yana kallona. A nan ko fuska ta jiƙe, ba mai tambaya.' Sai da ya gama, ya wanke ido, ya tayar da su duka, ya shayar da tumatir ɗin har ƙarshe."

Babban. Ko a bayan idonsa bai kira sunan ba. Isiyaku ya karɓi fartanya daga hannun Muhammadu Sani, ya tuɓe takalmi ya shiga lakar, ya nufi ƙarshen gonar. Ya sari kunya sau ɗaya, sau biyu, ruwa ya fara bi ta kan ƙafarsa yana fita. A nan kukan da ya ƙi zuwa a ɗaki, ya ƙi zuwa a maƙabarta, ya ƙi zuwa a tabarma, ya zo masa gaba ɗaya. Ya durƙusa cikin alkamar uban yana kuka da murya, yana cewa Baba ka yafe mini, ga wanda ba zai amsa ba. Mutanen biyu suka juya baya, suka ci gaba da aiki ta wancan gefen.

Alkamar ba ta tashi ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mutanen layin sun yi ta ɗaga ta suna ɗaurewa dami-dami a tsaye, amma wadda ta sha laka ta riga ta yi baƙi. Abin da aka sussuka bai kai rabin abin da Datti ya sa rai ba, bikin Zuliha kuma sai bayan damina aka yi shi. Wannan duk daga baya ne.

A ranar dai, da la'asar sakaliya ya koma gida, laka har gwiwa, tiyo a kafaɗa. Ya wuce ƙofar ɗakin uwarsa ya durƙusa. Indo tana zaune a kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu, ta rame a mako ɗaya kamar ta yi jinyar shekara. Tun rasuwar ba ta tambayi gonar ba ko sau ɗaya, don ta ji rantsuwar ɗanta tun ranar da ya yi ta, kuma ta san jinin wa ke jikinsa. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi idonsa, ta kau da kai yadda takan yi.

"An ba ta?" ta ce.

"An ba ta, Inna."

"To, alhamdu lillahi."

"Ta kwanta, Inna. Ruwan ya yi mata yawa."

Carbin ya tsaya a hannunta. "Ai ya ce kada a ƙara."

"Ba su ji ba. Kowa ya je ya ba ta nasa."

"Kowa?"

"Kowa, Inna. Har Ummulkhairi, da ƙwarya."

Indo ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suka yi ta girgiza, Zuliha da ke tsaye a bakin madafa ta kasa gane ko kuka ne ko dariya, sai ta zo ta zauna kusa da ita ta riƙe ta. Isiyaku ya miƙe zai kai tiyon ɗakin ajiya, inda ake tara kayan mamaci kafin a raba gado. Sai muryar uwar ta fito daga cikin mayafi, a dishe.

"Ina za ka kai su? Mayar da su zaure. Rataye su a ƙusarsu, kusa da ƙofa, inda hannu zai kai."

Ya koma zaure, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya rataye.